Mutumin da Kawu Bai Faɗi Sunansa Ba

Aikina bincike ne a kan magunguna, musamman waɗanda jiki ke sabawa da su har mutum ya kasa rabuwa da su, da kuma waɗanda ake ba masu ciwon damuwa. Na shekara da shekaru a jami'a ina rubuta abin da na gano ina aika wa mujallu. Jerin takardun da na wallafa ya cika shafi uku, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da shi. Abin da Inna ba ta so a sani a Tambuwal shi ne, duk wannan ilimi a jikin ɓeraye na same shi. Ranar da na gaya mata, sai da ta leƙa tsakar gida ta ga ko akwai mai ji, sannan ta ce kada in kuskura in sake faɗa. Idan an tambaye ta, cewa take yi 'yarta tana maganin masu shaye-shaye, alhali ni ko allura ban taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Wata damina na je gida hutu. Da hantsi sai ga Kawu, yayan Inna, ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar gida, tun daga Fakku ya taso. Manomi ne mai 'yan shanunsa, ya haura sittin, kuma tun rasuwar matarsa ko wajen suna ya daina zuwa. Ganinsa ana tsakiyar noma ya sa gaban Inna ya faɗi. Bayan gaisuwa ya ce da ni yake son magana, ta shimfiɗa mana tabarma a zaure ta ba mu wuri.

Ya zaro wata takarda daga aljihu, ta sha ninki. Jerin takarduna ne. Babban ɗansa, wanda ke koyarwa a firamare, shi ya samo a waya, ya buga, ya fassara masa kanun ɗaya bayan ɗaya.

"An ce dud wanga rubutu ke kinka yi shi," in ji Kawu.

Na amsa da cewa ni ce, ina ɗan gyara mayafi.

"To, akwai wani mutum. Ciwon baya yas sa anka ba shi ƙwayar ga da 'yan ƙodago ka sha, tiramol. Yas sha, yaj ji ƙarfi, yay yi nomanai. Yanzu in bai sha ba jiki shina rawa, ga zufa, ga hamma, kamar masassara. In ya sha kuma ba shi jin daɗin komi. Tuwo ba daɗi, mutane ba daɗi. Wata rana har shina jin da Allah ya ɗauke shi da ya huta."

Na ce, "Wane na, Kawu?"

Ya sunkuyar da kai yana jan wani zare a bakin tabarma. "Ɗiyata, ba ni iya faɗin sunanai."

Nan take na ce a raina na gane. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Kawu kuwa ya fi kowa riƙe wannan kunya, ban taɓa jin ya kira babban ɗan nasa da wani abu da ya wuce "kai" ko "wancan" ba. To wa zai sa dattijo ya bar gonarsa ya yi wannan doguwar tafiya, sannan ya kasa faɗin suna? Har wani daɗi na ji na saurin ganewata.

Abin da ya biyo baya ne ya ruɗa ni. Na san inda ƙwayar nan ke kamawa a ƙwaƙwalwa, zan iya zana shi a allo ido a rufe, amma ban san abin da ake gaya wa uba ba. Na dai ce kada mutumin ya daina sha lokaci guda, akwai haɗari, kuma dole ya ga likitan ƙwaƙwalwa a Sakkwato.

Kawu ya ɗaga shafukan nan uku. "Dud takardun ga, babu guda da taf faɗi yadda aka warkewa ba tare da kowa ya sani ba?"

Na karɓa na bi su da ido tun daga sama har ƙasa, sai ka ce ba ni na rubuta su ba. Babu. Ya ce ba komai, ya yi mini addu'a, ya tafi ko furar da aka dama masa bai taɓa ba.

Kuskurena na farko shi ne gaya wa Inna zargin da nake yi wa ɗan Kawu. Ta yi salati, ta rantse ba mai ji daga bakinta, kuma ta cika alkawari in aka cire ƙanwarta da ke aure a Dogon Daji. Magana kuwa zarar bunu ce.

Bayan kwana biyu na shiga mota zuwa Fakku. Na sami Malam, haka muke kiran ɗan Kawu, a gindin darbejiya bayan an tashi makaranta. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

"A'a, likitar ɓeraye! Sun ƙare can birni kinka zo neman namu?"

Na mayar masa, amma idona yana kan idonsa, ina duba ƙwayar idon ko ta tsuke, ina duba hannunsa ko yana rawa. Ban ga komai ba. Sai na ce wa kaina ai masu sha sun iya ɓoyewa. Na bar wasa na gaya masa Kawu ya zo wurina, na maimaita duk abin da ya faɗa, na ce na san shi ne, kuma ba tonon asiri ya kawo ni ba.

Ya kalli allin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Shi yac ce ni na?"

"Bai faɗi suna ba. Amma ai na san dalili."

"To," ya ce. "Ni na."

Na yi tsammanin gardama ko kuka, sai ga shi ya amsa kamar an tambaye shi ko shi ne mai babur ɗin da ke tare hanya. Abin ya tsaya mini a rai, amma na danne.

Ranar da muka tafi Sakkwato ya ƙara ɗaure mini kai. Tun daga tashar Tambuwal ya fito da littafi da biro yana yi mini tambayoyi. Yaya ake rage ƙwayar? Kwana nawa rawar jiki ke yi? In mutum yana da hawan jini fa? In ba ya son cin abinci, me za a ba shi? Na ce yaushe ka samu hawan jini kai da ba ka kai arba'in ba? Ya ce tambaya ce kawai, ai malami ba ya gajiya da neman sani.

Likitan da muka gani tsohon abokin karatuna ne. Ya daɗe da Malam a ciki, ya tura shi gwajin fitsari, daga baya ya nemi izininsa ya kira ni gefe.

"Dakta, wannan ɗan'uwan naki lafiyarsa ƙalau. Babu komai a jikinsa. Ciwon wani yake ba ni labari, kuma ya haddace shi sosai, har da lokacin da mutumin ke farkawa. Amma ciwon dattijo ne."

Sai a lokacin na gane ko wane ne mutumin. Ban san yadda na fita daga ofishin ba. Na sami Malam a kan benci a waje, na zauna kusa da shi.

"Don mi ba ka gaya min ba?"

"Ke kinka ce ni na. In na ce ba ni na ba, sai ki tambaye ni wane na. In ce miki mi? In buɗe baki in faɗi haka ga ubana?" Ya rufe littafinsa. "Na ɗauka za su ba ni maganin in kai mishi."

Na ce zan gyara, zan gaya wa Inna gaskiya, ta gaya wa ƙanwarta. Ya yi wata 'yar dariya. Ashe maganar ta riga mu isa Fakku, har hedimasta ya kira shi ya yi masa nasiha, surukinsa kuma ya daina amsa gaisuwarsa da kyau.

"Ki bar ta yadda take," ya ce. "Ni yaro na, in anka ce na sha na bari, za a manta. Shi in anka ji, ba shi ƙara fitowa masallaci."

Duk hanyar komawa ina juya abin a raina. Likita ba zai rubuta magani ga wanda bai gani ba, Kawu ba zai je asibitin ƙwaƙwalwa da sunan kansa ba, kuma maganar nan tasa ta da Allah ya ɗauke shi da ya huta ba ta bar kunnena ba. Muka same shi a zaurensa a Fakku bayan la'asar. A ranar na ga abin da ban gani ba a Tambuwal: zufa a goshinsa alhali hadari ya sanyaya gari, da yadda ya cusa hannuwansa a ƙarƙashin riga.

Na durƙusa na ce, "Kawu, mun ga likita. Ya ce ciwon mutumin nan shina da magani. Amma ba shi ƙara ganin Malam sai tare da babanai. Ku shiga tare, ku fito tare, duk wata."

Malam yana tsaye a bakin ƙofa, ya juya baya yana kallon waje. Kawu ya gyara zama. Sannan, ba tare da ya dubi ɗayanmu ba, ya ce, "Wace rana?"

Sun yi ta zuwa fiye da shekara. Likita ne kawai ya san wanda yake dubawa idan an rufe ƙofa. Kawu ya samu sauƙi, ya koma zaman majalisa, mutane suna yaba masa da bai yar da ɗansa ba. Har yau ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba. Duk lokacin da na je Fakku sai mata sun tare ni suna yi mini godiya da na shiryar musu da malamin 'ya'yansu, shi kuwa yana tsaye a gefe yana jin su, bai taɓa cewa uffan ba.