Hotunan Goggo a Wayata

Shekarar da maigidana ya sayo mani sabuwar waya, ina ɗinki a rumfar tsakar gidanmu a Sabon Birni. Keke ɗaya gare ni, da teburi, da dogon madubi da na jingina da bango don masu gwada kaya. Shi kuma kabu-kabu yake yi, ya tara abin da ya tara ya shigo mani da ita cikin kwali, yana ta murmushi. Na yi kwanaki ban ɓare ledar fuskarta ba.

Tsohuwar wayar, wadda gilashinta ya tsage a gefe, na aika wa Goggo, ƙanwar babana, da ke zaune a ƙauyen Kamarawa, kusa da garin Isa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiyanta duk sun yi gidajensu. Tun muna yara tsoronta muke ji. Ba ta faɗa, ba ta duka, amma in ta shigo gida ta dube mu sau ɗaya, wasa ya ƙare. Ban taɓa ganin haƙoranta cikin dariya ba. Ta ce tana son wayar ne don sauraren karatu da kiran ɗanta na Sakkwato. Na cire layina da memori, na goge ta da tsumma, na ba wani direba ya kai mata. A ganina na gama.

Wata ranar kasuwar Isa da la'asar, wata mata ta zo ɗinkin biki, na buɗe hotuna in nuna mata samfurin riguna. Hoton farko da ya fito babban yatsa ne, ya rufe rabin fuskar wayar. Na biyu sararin sama. Na uku bayan akuya. Na huɗu ƙafa cikin silifa, da tabarma. Matar ta karɓi wayar ta juya ta, ta ce in wannan ne sabon yayi ita dai a bar mata tsohon. Munka yi dariya har ta manta awon da ta zo yi.

Maigidana ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga wayar. Ni kuwa na ci gaba da dubawa har na kai ga hoton wani rumbu mai karkataccen murfi, da bishiyar darbejiya a bayansa. Rumbun nan na san shi. A gindinsa muke ɓuya in an kai mu hutu Kamarawa.

Washegari na tafi rumfar mai gyaran waya a bakin kasuwa, shi ne ya saita mani wayoyin biyu. Ya duba, ya tambaye ni ko na fitar da akawun ɗina daga tsohuwar kafin in bayar. Na ce na cire layi da memori. Ya ce wannan daban. Ya ce hotuna na hawa wani wuri da ake kira kilawud, wato gajimare, amma in ɗauke shi kamar wani babban rumbu can nesa, kuma wayoyin nan biyu mabuɗi ɗaya suke riƙe da shi. Sabis ba ya da ƙarfi a Kamarawa, shi ya sa hotunan ke taruwa, sai ranar da Goggo ta shigo Isa su kwararo gaba ɗaya. Ya ce in kawo tsohuwar wayar ya raba su, aikin ɗan lokaci ne. Na ce to, za ni aika a karɓo.

Ban aika ba. Na kira ƙanwata da ke aure a Isa na ba ta labari, ta ce in tura mata hoton akuyar. Daga nan ranar kasuwa ta zama mana ranar salla. Da azahar ta wuce sai in aje almakashi in zauna kusa da wayar, ƙanwata kuma ta yi ta kira tana tambaya ko sun iso, in tura mata.

Goggo ta yi ta samun ci gaba a gabanmu. Yatsa ya ɓace. Akuya ta fara fitowa da kanta da ƙafafunta. Ga gero ya yi kai a gonar bayan gida, ga kaza da tsaki, ga tukunyar miya tana tafasa. Sai ta gano yadda ake juya kyamara. Hotunanta na farko ta ɗaure fuska tamau, kamar mai jiran hoton katin zaɓe. Bayan mako biyu ko uku ta ɗan karkata kai. Wata rana kuma sai ga Goggo da sabon kallabi, ta sa kwalli, tana dariya da dukkan bakinta. Ashe wushirya gare ta. Na kira ƙanwata na kasa magana don dariya, ita ma ta kasa, muna ta huci a kunnen juna har katina ya ƙare.

Ƙanwata ce ta fara lura da dattijon. Ta ce in koma hoton da anka ɗauka a kara, wurin sayar da shanu, in dubi bayan farin bijimin. Wani dogon mutum ne siriri, da malafa, ya ratsa sanda a kafaɗunsa. A makon da ya biyo ya matso kusa, bijimin ya koma gefe. A na gaba babu bijimi ko kaɗan, sai shi kaɗai riƙe da ƙwaryar nono, ya miƙe tsaye kamar soja. Sannan hoton da ya sa na zauna a ƙasa ya iso: su biyu a gindin wata tsamiya, Goggo ta miƙa hannu tana ɗauka, shi kuma yana kallon wani wuri daban, bai san inda ake duba ba, amma gemunsa kansa dariya yake yi.

Ranar na ƙona shinkafa. Na ɗinka hannun riga a baibai na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Ina tafiya tsakar gida ina dariya ni kaɗai, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya. Ƙanwata ta riga ta fara zaɓen atamfar anko. Munka yi ta gardama kan ko za mu kira shi Baffa ko Kawu.

Da maigidana ya dawo cin abinci na nuna mashi. Ya yi dariya shi ma, ya ƙara duba hoton, sannan ya aje wayar a kan tabarma ya ce abin nan fa leƙe ne, ko da ba mu taka katangar kowa ba. Ya ce matar nan ba ta san muna gani ba. Na ce ai ba mu gaya wa kowa ba. Ya kai loma, ya tauna, ya ce, “To ke, in nata na zuwa wurinki, naki ina suke zuwa?”

Na tsaya da cokali a hannu. Wannan tambayar ban yi wa mai gyara ba.

Na ɗauki wayar na fara komawa baya, ina kallon nawa hotunan da idon Goggo. Ga ni da kunnuwan zomo da wata manhaja ke liƙa wa mutum. Ga ni na turo baki. Ga ni na ɗaura ɗankwalin wata mai ɗinki ina gwada shi kafin ta zo karɓa. Waɗannan duk da sauƙi. Akwai kuma waɗanda nake ɗauka duk safiyar Juma'a a gaban dogon madubi, na juya gefe, na dafe riga a ciki, ina duba ko ya fara fitowa. Cikina na fari ne, ban gaya wa kowa ba sai maigidana, ko Inna ba ta sani ba. Kunya ta rufe ni har kunnuwana sunka yi zafi, amma dariya ta ƙi barina. Na kifa kai a gwiwa ina yi, shi kuma yana ta miƙo mani ruwa.

Ranar kasuwa ta gaba na shiga mota zuwa Isa. Goggo kan sauka gidan ƙanwata ta yi sallar azahar ta huta kafin ta koma, can na same ta zaune a kan darduma, wayar na cikin wata ƴar jaka da ta ɗinka mata. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi mutanen gida da dabbobi da gona, na sake tambayar gona. Ƙanwata ta tsaya bakin ƙofa tana cizon mayafi.

Na ce, “Goggo, akwai wata magana game da wayar nan.”

Ta ce, “Ta kunnuwan zomo?”

Ƙanwata ta fita da gudu, ina jin dariyarta a bayan ɗaki.

Goggo ta ce tun makon farko take ganin hotunana suna shigowa, ta ɗauka ni ke aiko mata don ta rage kewa. Na zomon ta nuna wa matan unguwarsu, wata tsohuwa har ta ce a kai ni a yi mani addu'a. Na rigunan kuma mata sun zaɓi samfuri, ta ce akwai yadi uku cikin buhunta da anka ba ta ta kawo mani. Sai ta rage murya.

“Na madubi kuwa ba wanda yag gani sai ni. Tun hoto na biyu nig gane. Allah shi raba lafiya, ɗiyata. Ki bar ɗaure zane da ƙarfi haka.”

Na sunkuyar da kai na ce amin. Sannan na ce, “Goggo, ba ni ke aikowa ba. Da kansu suke zuwa. Kuma naki ma suna zuwa wurina.”

Ta dube ni irin kallon da take mana muna yara. Ta ce, “Waɗanne?”

Na ce, “Duka.”

“Har na kara?”

“Har na gindin tsamiya.”

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Na ga kafaɗunta suna rawa, na ɗauka kuka take yi. Na matsa za ni ba ta haƙuri sai na ji wani ɗan sauti siriri na fita ta ƙarƙashin mayafin. Dariya ce. Ta yi ta yi har ta kwanta gefe a kan dardumar. Ƙanwata ta dawo ta faɗi kusa da ita, ni ma na bi, munka zama mu uku a ƙasa, yaran gidan na leƙowa.

Da ta natsu ta share ido, ta ba mu labari. Ta ce mutumin yana da shanu da gona a gefen Kamarawa, matarsa ta rasu. Ranar farko bijimin kawai take son ɗauka, ta ce mashi ya kauce, ya ƙi, ya ce shi da bijimin tare suke. Bayan ta ɗauka ya roƙi ta nuna mashi, ya daɗe yana kallo, ya ce bai san ya tsufa haka ba. Ta ce ya riga ya shirya zuwa wurin babana in an gama girbi. Sannan ta ɗaure fuska kaɗan ta ce abin ya zo da sauƙi don ni ce. Ta ce, “Da kin sayar da wayar ga a kasuwa, wa za shi ga madubinki?” Na ce gaskiya ne.

Da la'asar munka raka ta wata rumfar waya kusa da tasha. Mai rumfar ya fitar da akawun ɗina, ya buɗe mata nata, ya kwashe mata hotunanta ya mayar can. Ya ce ta zaɓi kalmar sirri, wadda ba sunanta ba ce, ba sunan ɗanta ba, kuma kada ta gaya wa kowa. Goggo ta juyo ta ce mu matsa. Munka matsa. Ta ce mu ƙara. Sai da munka kai wurin mai rake sannan ta duƙa ta danna da kanta, harafi ɗaya bayan ɗaya, ta kare wayar da gefen mayafi.

An ɗaura auren bayan girbi, ba taro mai yawa, ni ce na ɗinka mata kayan. Lokacin cikina ya tsufa, don haka ta biyo ni Sabon Birni ta zauna jiran haihuwa. Ana nan wata safiya wayar ta nemi a sake sa mata kalmar sirri, Goggo ta danna, ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Ta zauna ta riƙe haɓa, ta ce ta ɓace mata. Na ce shi ke nan sai mu koma wurin mai gyara. Sai ta ce akwai mutum ɗaya da ya sani.

Maigidana ya kira Baffa, don a ƙarshe sunan da munka tsaya a kai ke nan, ya ce ya faɗa mashi ta waya. Baffa ya ce a'a, an ce ba a faɗin ta ga kowa, kuma shi bai san wa ke saurare a cikin iska ba. Kafin azahar sai ga shi a bayan babur, ya riƙe malafa da hannu ɗaya, da gorar nono a ɗaya hannun. Ya yi sallama, anka shimfiɗa mashi tabarma a zaure, Goggo ta fita da wayar. Ni da maigidana muna daga bayan labule. Baffa ya duƙa ya raɗa mata a kunne. Ta ce mashi ba haka ba ne, ya ce haka ne. Ta danna, wayar ta buɗe. Ya sha ruwa, ya tambayi jikina, ya ce shanu na jiransa, ya hau babur ɗin da ya kawo shi ya koma.