Hotunan Baba Mai Layi

Baba Mai Layi ake ce masa a masana'antar famfunan ruwa, don duk zanen da ke cikin littafin gyaran injinansu daga hannunsa ya fito. Da fensir ya fara, ya koma kwamfuta yana gunaguni. Zane ɗari biyu da sha huɗu, kowane ƙarfe da lambarsa, kowace roba da awonta.

Wa'azinsa ɗaya ne ga duk mai saka zane a littafi: "Kada ka fitar da shi a JPG. Wannan ɗigo-ɗigo ne, kana ƙara masa girma zai fashe. Ka fitar a PDF, layi ya zauna layinsa."

Da ido ya fara gaza masa, aka sallame shi. Ranar da zai mayar da kwamfutar ofis ya miƙa wa autarsa filas, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta. Ita tela ce, ba ruwanta da injin.

"Auta, kwashe min hotunan nan kaf."

A bakin Baba duk zane hoto ne, tun zamanin fensir. Ita kuwa da ta ji hoto, sai ta zaɓi irin wanda ta san waya na buɗewa, ta ƙanƙance su don su shige. Masana'anta ta goge kwamfutar, daga baya ma ta rufe ƙofa.

Bana likita ya ce ganin da ya rage ba mai daɗewa ba ne. Baba bai nemi komai ba sai ya sake ganin aikinsa. Auta ta ture keken ɗinki gefe, ta haɗa filas da talabijin ɗin falo, ta buɗe zanen farko.

"Ƙara girma."

Ta ƙara. Layukan suka narke, suka koma 'yan akwatuna toka-toka.

"Ƙara mana, ko ke ma hannun ya tsufa ne?"

Ya matso har hancinsa na gogar gilashi. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Can ya koma kujera.

"Shi ke nan, idon ya tafi. Ko layina ba na gani."

"Ba idonka ba ne, Baba." Auta ta nuna talabijin ɗin. "Ni ma haka nake gani."

Ya juyo ya dube ta.

"JPG?"

"Ka ce hotuna."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Na yi wa duniya wa'azi, na tsallake gidana."

Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana share hawaye. Ɗari biyu da sha uku duk haka suke. Na ƙarshe PDF ne, wanda shi da kansa ya taɓa ajiyewa a filas ɗin: zoben roba na bakin bututu, mafi ƙanƙantar abu a injin.

Ta ƙara masa girma har ya cika talabijin. Baƙin layi, sumul, ko gezau.

Baba ya tashi, ya ɗora yatsa a kai, ya bi da'irar a hankali har ya dawo inda ya fara.

"Wannan kam nawa ne," ya ce. "Bar shi a nan, kada ki kashe."