Ranar da Hoto Ya Farfashe

Shekarun da nake yaro a Unguwar Lalle, an yi fari biyu a jere. Abin da na fi tunawa shi ne ɗacin anza, wadda ake jiƙawa kwanaki kafin ta ciwu, da kuma murhun kakata Inna Hassi. Da an sallame Magariba takan ƙara kara a wuta ko da babu tukunya a kai, mu zauna kewaye da ita. Sai da na girma na gane tana ba mu tatsuniya ne don mu manta ba mu ƙoshi ba.

Takan ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa ku ba ta wuri." Mu kuwa mu matsa da gaske.

Akwai wadda ta fi maimaitawa, ta wata yarinya mai son kallon fuskarta a tafkin garinsu. Kullum ta duƙa, sai saniya ta sa baki, ko iska ta kaɗa, fuskar ta watse. Ranar nan ta taimaki wata tsohuwa da kaya, ashe aljana ce, ta ce ta roƙi abu ɗaya. Yarinya ta roƙi kada komai ya ƙara motsa ruwan nan. Aka ba ta. Shanu suka daina zuwa, iska ta kauce, ta ga fuskarta har gashin ido. Damina ta zo, hadari ya taso, da ya iso kan tafkin sai ya rabe biyu ya wuce, domin ɗigon sama ma motsa ruwa yake yi. Tafki ya yi ta janyewa, ita tana bin sa da gwiwa, har ranar da ta duƙa ta ga laka.

Na taɓa tambayar Inna ko yarinyar ta mutu. Ta ce, "Mi ya kai ka? Ni dai inda ta duƙa nan na baro ta."

Da na koyi ajami, na rubuta tatsuniyar a bayan wani littafina, na sa a ƙasa cewa gargaɗi ce a kan son kai da kallon madubi. Haka na ɗauke ta shekara da shekaru.

Bayan na yi furfura, ɗana Lawali ya dawo daga Isa da talabijin mai faɗi, da risiba, da faranti, da sola. Mai haɗawa ya kafa farantin bisa soro, fuskarsa gabas, ya yi ta juya shi kaɗan-kaɗan Lawali na ƙwala masa daga ƙasa har tashoshin da suke kira HD suka kama. Maƙwabta suka taru alƙalanci. Wani ya ce a tsohuwar tasha mutum kamar a hayaƙi yake, a wannan kuwa yana ƙirga gashin gemun mai labarai. Malam Dikko makiyayi ya ce shi ba a gemu yake gane hoto ba, a nuna masa saniya, in ya ga ƙuda a bayanta ya yarda. Ni na fi son tashar Harami, inda nake iya karanta rubutun rigar Ka'aba harafi-harafi. Kafin mai haɗawa ya tafi ya gargaɗe mu cewa hoton nan ba ya dushewa a hankali kamar na da. In hadari mai kauri ya shiga tsakanin faranti da sama, farfashewa zai yi ya tsaya.

Shekarar kuwa ta fari ce. Mun yi shuka sau biyu ta ƙone. Abin da ya rage mana irin gero ne a tulu ɗaya, rumbu kuwa an share shi. Uwargidana Hajo ta ce jikoki ba za su ci alkawarin gajimare ba, muka yi da ita cewa in Juma'a ta wuce babu ruwa, ta daka. Kwana arba'in hoton nan bai ko girgiza ba. Kowa na yaba shi, ni kuwa na fara jin nauyin kallonsa.

Asabar bayan La'asar Hajo ta fito da turmi. Sama fes take a kanmu, katangar gabas kuma ta tare mana gani. Ina zaune a zaure ina kallon masu ɗawafi don kada in ji ƙarar taɓarya, sai mutanen suka rarrabe ƙananan murabba'ai, suka tsaya cak. Lawali ya yi tsaki, ya ce iska ta ture faranti, bari ya hau ya gyara. Na ce masa babu iskar da ta kaɗa yau.

Na shiga cikin gida da sauri irin na tsoho. Ta riga ta juye irin a turmi.

"Hajo, dakata."

"Malam, Juma'a ta wuce."

"Na sani. Ba ni zuwa Magariba. In ba a yi ba, ni da kaina za ni riƙe miki taɓarya."

Ta dube ni, ta dubi sama, ta ajiye. Lawali daga kan soro ya ce a hankali, "Baba, gabas ta yi baƙi."

Ba akwatin talabijin ɗin ya kawo ruwan ba, Allah ne ya saukar da shi, kuma ya sauka har ya kwanta a kwari. Washegari muka shuka abin da ke turmi. Ba mu cika rumbu ba, amma mun kai kaka.

Tun daga ranar na sake duba abin da nake roƙo bayan salla. Na daɗe ina cewa Allah ya bar ni lafiya lau, kada komai ya dame ni, ban lura roƙon yarinyar nan nake yi ba. Na ɗauko littafin, na soke layin da na rubuta ina saurayi. Na daɗe riƙe da alƙalami, daga bisani na bar wurin babu komai, don jikan da zai karanta ya cike da hannunsa in tasa shekarar ta zo.