Me Baturen Ya Ce?

Akwai wata firamare a bayan gidana. Kullum da safe ina jin yara suna rera Turanci da murya ɗaya, malami ya faɗa su amsa. Da na ji su sai in tuna ƙauyenmu Babban Duhu, in tuna yadda muka ɗauki littafin Turanci kamar allo.

Kada ka ga laifinmu. Karatu ɗaya muka sani: a biya maka, ka yi ta maimaitawa kana rangaji har ya zauna, ma'ana kuwa sai ka girma. Haka na yi wa Turanci. Ina aji shida na haddace littafinmu tas, har babana yana gaya wa mutane yaron ya kusa sauka.

Da daminar nan kawuna da ke aiki a Katsina ya zo ganin gida. Ya ce bayan girbi zai dawo ya gwada ni. In Turancina ya kai, ya tafi da ni sakandare. In bai kai ba, ga shanun babana nan suna jiran makiyayi. Ni kuwa ba abin da nake tsoro kamar in tsufa a bayan shanu, ina kallon motoci suna wucewa Safana. Sai na ƙara wa rangajin ƙarfi.

A ƙofar ɗakin kakata nake karatun, saboda inuwar darbejiyar da ke wurin. Tsohuwa ce mai son jin ƙwaƙwaf, ko kaza ta yi kuka sai ta san dalili. Wata rana tana tsinkar zogale ta katse ni.

"Maigidan, wai me Baturen ya ce?"

Na sake rera mata shafin.

"Na ji waƙar. Cewa na yi me ya ce?"

Wallahi ban taɓa tunanin yana cewa wani abu ba. Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi kunyar ƙarfi shi ne ni ma yanzu ina son in sani.

Washegari na tare malaminmu da tambaya. Ashe labarin wani masunci ne da kwalekwalensa ya huje a tsakiyar teku. Na kawo mata da gudu. Ta ajiye faifai ta ce, "Teku kuma? Ya fi gulbi? To shi da zai shiga, ya sallami iyalinsa?"

Daga ranar karatuna ya canza. Kaɗan nake karantawa, in rufe littafin, in ba ta da Hausa. Inda na yi kame-kame ta gane, ta ce in koma in tambayo. Sannan ta juya abin: ta nuna turmi, ta nuna akuya, ta ce yaya suke kiran wannan? In na faɗa ta gwada, ta karkace baki, mu yi ta dariya. A wurin kiwo ma da Turanci nake yi wa shanu faɗa, su dai ba su taɓa gyara mini ba.

Da aka kai gero rumbu kawu ya dawo. Na miƙa masa littafin, ya ture shi gefe. Da Turanci ya ce in gaya masa abin da tsohuwa take yi. Na dube ta tana ɓarar gyaɗa, sai na ga ai duk abubuwan da ke gabanta ta taɓa sa ni na nemo sunansu. Na faɗa, da tuntuɓe da komai. Ya ce in haɗa kayana.

Ranar tafiya ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

"Ashe da bakina na kore ka, maigidan," in ji ta.

Ban daɗe a Katsina ba ta rasu, kuma har yau ina jin zafin rashinta.

Yanzu ɗana yana da waya mai gaya masa ma'anar kowace kalma kafin ya rufe baki. Ya fi ni littattafai, ya fi ni iya lanƙwasa harshe. Sai dai in ya gama karatu rufewa yake ya tashi, don babu wadda ke zaune a gefensa ta ƙagu ta ji ko masuncin ya kai gaɓa.