Layin Waya a Gonar Mijin Yayata

Ilimin duwatsu na karanta, kuma aikina shi ne gano inda dutse ya lanƙwashe ko ya tsage a ƙarƙashin ƙasa. Muna kafa wasu ƙananan na'urori masu tsini a jere, mu haɗa su da doguwar waya zuwa kwamfuta, sannan a ajiye farantin ƙarfe a maka masa babbar guduma. Girgizar ta nutsa, ta bugi dutse, ta dawo, na'urorin su kama ta. Daga yadda ta dawo muke gane fasalin abin da ke ƙasa.

Duwatsun yankinmu, daga Anka har Bukkuyum, gindin wasu manyan tsaunuka ne da suka zaizaye tun zamanin da ba wanda ya sani. Matsi ya nannaɗe su, ya tsattsaga su. A cikin tsagogin nan zinare yake kwance, dalma na gefensa. Ta cikinsu kuma ruwa yake bi.

Yayata tana aure a wata tunga kusa da Zugu. A shekarun da aka shiga niƙa dutsen zinare a tsakar gidaje, kamar yadda aka yi a Tungar Daji, gubar dalma ta kashe mata yara maza biyu. Jijjiga ce take kama yaro, idanu su kafe, shi ke nan. Ƙaramar 'yarta ta rayu, amma ba ta magana, ko an kira ta ba ta waiwayowa. An zo an kankare ƙasar gidajen, sai dai rijiyar garin tana bakin tafkin da aka riƙa wanke dutse, kuma ita ake sha. Saboda haka da aka ce in zaɓi inda zan yi bincike, na zaɓi tungar. Ina so in samo tsaga mai ruwa nesa da tafkin, a haƙa musu burtsatse.

Na biya ta Gummi na gaida mahaifiyarmu, Inna. Ta dubi kayan da muka ɗaure a kan mashin ta ce, "Hanyar ga ba ta biyuwa yanzu. Mi kaka nema can?"

Na ce, "Ruwa, Inna."

Ta yi mana addu'a.

Mu biyu muka tafi, ni da abokin aikina mai kula da kwamfuta. Mijin yayata ne ya karɓi guduma. Ƙaƙƙarfan mutum ne marar yawan magana, ya yi haƙar zinare a da, ya bari tun ranar da ya binne ɗansa na biyu. A gefen gonarsa ta dawa muka shimfiɗa wayar, daga bayan gari ta miƙe wajen daji.

Aikin yana son shiru. Kafin a buga guduma sai kowa ya tsaya cak, domin ko takun akuya na'urorin suna kamawa. Rannan bayan azahar na ɗaga hannu, kowa ya tsaya, sai abokina ya ce, "Dakata. Wa ke motsi?"

Babu mai motsi. Na leƙa kwamfutar. Layukan da ya kamata su kwanta suna ta rawa, kuma rawar ta fi ƙarfi a na'urorin da ke ƙarshen waya, wajen daji. Na ce ko shanun Fulani ne. Mijin yayata ya ce makiyayan sun tashi tun kafin damina. Muna tsaye rawar na ƙaruwa, kunnenmu bai ji komai ba tukuna. Ya ajiye gudumar a hankali.

Ya ce, "Mashina ne, kuma da yawa. Ku bi cikin dawa ku faɗa kwazazzabo. Kada ku biyo ni."

Ya ruga cikin gari yana ihu. Abokina ya fizge kwamfutar, muka bar sauran kayan muka kutsa cikin dawa. Muna kwance a kwazazzabon muka ji rurin mashinan, sannan harbi. Ya daɗe. Daga baya hayaƙin rumbuna ya rufe sama, warin ƙonannen gero ya iso har inda muke.

Sai wajen la'asar sakaliya muka fito. Saboda ihun da mijin yayata ya yi, yawancin mata da yara sun samu sun shige gonaki. Yayata ta gudu da maƙwabta, a zatonta 'yarta tana tare da su. Ashe tana zaune bayan ɗaki, ba ta ji komai ba. Shi ya koma ya ɗauko ta, ya cilla ta bayan danga cikin ciyawa. A nan jikin dangar muka sami gawarsa, an harbe shi. Yarinyar tana zaune daga ɗaya gefen, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Washegari muka yi musu sutura cikin gaggawa, shi da sauran da aka kashe, ana salla ana waige. Kafin rana ta yi tsaka garin ya watse, kowa da ƙunshinsa a ka. Na je gonar, na tarar an sassare wayar, na'urorin a tattake. Ban ɗauki komai ba.

Da na koma ofis na yi makonni ban buɗe kwamfutar ba. Ranar da na buɗe, abin da muka riga muka ɗauka ya isa. Dutsen ya lanƙwashe kamar kwarya, tsagar ta ratsa shi a gabas da gonar, nesa da tafkin. Na kai rahoto. Aka yaba, aka kuma ce babu mai injin haƙa da zai yarda ya shiga can.

Yayata ta yi takaba a ɗakin Inna, a nan ta zauna, tana soya ƙuli-ƙuli ana kai mata kasuwa. Bara na haɗu da wani tsohon maƙwabcinsu a tashar Gummi yana dako. Ya ce ya leƙa tungar sau ɗaya. An kwashe rufin masallaci, kuma 'yan bindigar da suka kai harin sun tara mutanen da suka kamo, suna sa su haƙar zinare a bayan gari.