Ƙwaryar Kan Katanga

A ƙauyensu da ke gefen hanyar Bagwai, idan ka nemi gidan Hajiya Aina'u sai an tambaye ka wacce, amma idan ka ce Aina'u Mai Wake, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka ƙofar. Da kaka take sayen wake da riɗi a hannun manoma, ta jibge a ɗaki, ta jira bazara. Da can mijinta Malam Yahya ne ke raka kayan zuwa Dawanau, yanzu kuma ɗansu Uwaisu. Ita ba ta zuwa kasuwa, kasuwa ce ke zuwa zaurenta. Tana da ɗabi'a guda da manoma suka daɗe suna ƙorafi a kai: ba ta yarda da saman buhu. Sai an zazzage shi har ƙasa a kan tabarma ta ga abin da aka ɓoye a gindi.

Jiki kuwa Allah ya ba ta, ya kuma yi mata gyara. A garinsu ba a ganin laifin ƙiba, cewa ake yi mace ta samu kwanciyar hankali. Haka aka yi ta yaba mata har gwiwoyinta suka gaji da yabon. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi. Daga baya aka sayo mata farar kujerar roba, ta koma yin salla a zaune. Malamai sun gaya mata sallarta ta yi, ita ma ta san ta yi. Amma abin da take so bai wuce ta ɗora goshinta a ƙasa ba, kamar yadda ta saba tun tana yarinya, kuma rashin hakan yana cin ranta fiye da ciwon gwiwar.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da gidan da aka haife ta, domin auren zumunci aka yi musu da Malam Yahya. A can ɗaya gefen mahaifiyarta take, Inna Huseina, tsohuwa siririya mai ƙarfin hannu. Aina'u ce 'yarta ta fari, kuma Inna irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari har ta yi yawa. Ba ta taɓa kiran sunanta ba. Da aka yaye ta, Goggonta ta Bici aka ba wa ta riƙe. Ko bayan da aure ya dawo da ita makwabtaka, Inna ba ta shiga ɗakinta, ba ta tsayawa hira da ita. Idan magana ta zama dole sai ta ce "waccan ta bayan katanga." Abu ɗaya kawai take yi: kullum da hantsi za ta dama fura da kindirmo, ta zuba suga ba tsoro, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ɗora a kan katanga. Aina'u ta ɗauka ta shanye, ta wanke, ta mayar. Duk zancen da ke tsakanin uwa da 'ya, shekara da shekaru, ke nan.

Wani abokin cinikin Uwaisu a Dawanau ne ya kawo labarin aikin rage tumbi. Ya ce ya san wani dillali a Kano mai kai mutane Misira, a rage musu tumbi su dawo kamar an sake su. Aina'u, wadda ba ta sayen wake sai ta ga gindin buhu, ta miƙa cikinta ga likitan da ba ta taɓa jin sunansa ba sai a filin jirgi. Sau ɗaya ta gan shi ido biyu, ya yi murmushi ya ce komai zai tafi daidai. Bayan aikin ba ta sake ganinsa ba. Da ta dawo gida ta fara amai, 'yarta Muhsina, wadda ke koyarwa a firamare, ta yi ta kiran lambar da aka ba su, ba a ɗauka. Dillalin ya ce shi nasa kaiwa ne da dawowa.

A gari an ce gwiwa aka je dubawa. Aina'u ce ta zaɓi a faɗi haka, don ba ta ga bakin da za ta ce ta tsallaka ƙasashe ta biya kuɗi a hana ta cin abinci ba. To, sai ta fara zubewa. Wuya ya fito, zane ya fara zagaye ta har da saura. Mata suka riƙa zuwa dubiya ba a gayyace su ba, kowacce da abin da take zargi, daga mai cewa sammu sai mai cewa wani mugun ciwo ne ake ɓoyewa. Inna Huseina ba ta zo ba, ba ta kuma tambaya ba. Ƙwarya kawai ta canja, ta ɗauko babba. Da la'asar kuma ta ƙara da kunun gyaɗa.

Tuwo ba ya shiga sai loma kaɗan, nama kuwa sai dai kallo. Amma fura ruwa ce, ba ta neman izini. Aina'u takan sha kaɗan ta ajiye, ta huta, ta koma, har ƙwaryar ta ƙare. Ta san an gaya mata ta guji zaƙi. Ta kuma san idan ƙwaryar ta koma kan katanga da saura, abin da tsohuwar za ta karanta ke nan, cewa an ƙi ta. Zubarwa a ɓoye kuwa hannunta ya kasa. Cikin 'yan shekaru jikin ya dawo da kayansa duka, mata suka yi hamdala suka ce Hajiya ta warke. Ya kuma zo da sabon baƙo, ƙwannafi mai tsami da ke taso mata har maƙogwaro ko ruwa ta sha. Farar kujerar, wadda aka jingine a bayan ƙofa na ɗan lokaci, ta koma kan darduma.

Da maganar aikin gyara ta taso, dillalin ne ya fara bayyana, da sabuwar mota da sabuwar ƙasa. Ya ce yanzu Indiya ake yayi, kuma akwai Turkiyya ga mai son sanyi. Aina'u ta saurare shi daga bayan labule, sannan ta tambaye shi ko likitan da zai kai ta wurinsa ya taɓa gyara aikin da wani ya yi. Ya ce ai duk yanka yanka ne. Ta ce a ba shi ruwa ya sha ya kama hanya.

Muhsina ta shiga bincike a waya. Suka yi kiran bidiyo da likitoci na ƙasashen waje, tana fassara wa uwarta. Ɗaya ya sa ranar aiki tun kafin ya ji abin da ke damunta. Wani ya nuna hotunan mutanen da suka rame suna dariya. Aina'u ta ce a tambaye shi ina hotunan waɗanda ba su yi dariya ba, sai hirar ta yi sanyi. Ta gane saman buhu ake ta nuna mata.

A ƙarshe suka je wurin wani likitan tiyata a Kano, Dakta Kamaruddeen, mutum mai furfura a gemu wanda ba ya sauri da magana. Ya sa aka zura mata siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro, aka auna jininta. Sannan ya gaya mata aiki na biyu ya fi na farko wuya da haɗari, domin wuƙa za ta bi ta kan tsohon tabo ne.

"Kai ka iya?" in ji Aina'u.

"Na farkon ina yi, Hajiya. Irin naki na gyara kuwa ban yi da yawa ba, kuma ba zan koya a kanki ba. Akwai wata likita a Alƙahira, can Misirar dai, da muka yi aiki tare, wannan ne aikinta kullum. Idan kin yarda ita za ta yi, ni kuma in riƙe ki idan kin dawo. Duk abin da ya taso, ƙofar nan za ki ƙwanƙwasa."

Aina'u ta dube shi da kyau. A rayuwarta ba ta cika haɗuwa da mai kaya da ke zazzage buhunsa da kansa ba. Ta ce ta yarda.

Ya ce saura abu ɗaya, ta gaya masa abin da take ci daga safe zuwa dare. Ta lissafa, ta tsallake ƙwaryar. Muhsina ta mayar da ita cikin lissafin. Likitan ya ajiye alƙalaminsa ya ce ko mala'ika ne ya yi aikin, idan furar nan ta ci gaba, kuɗin jirgi kawai za a yi asara, kuma bayan wannan gyaran zaƙi zai riƙa kayar da ita da jiri da zufa. Ba zai tura ta ko'ina ba sai ya ga mai dama furar.

A mota Aina'u ta yi ta juya maganar likitan a ranta har suka wuce Dawanau. Da a ce cewa aka yi ta daina cin nama har abada, da ta sa hannu ba ta waiwaya ba. Amma ƙwaryar nan ita ce kaɗai abin da uwarta ta taɓa ba ta, kuma yanzu an ce ta zaɓa tsakaninta da sujada. Ta yi makonni tana jan ƙafa, tana shan furar tana jin tsaminta na dawowa.

Muhsina ce ta tsallaka gidan Inna. Tsakanin jika da kaka babu wannan kunyar, sai tsokana. Ta ce wa Inna ta shirya za a kai ta birni a nemo mata miji likita. Inna ta zage ta, ta kuma ɗauko mayafinta na unguwa.

A ofishin, tsohuwar ta zauna ta ba wa 'yarta gefen kafaɗa.

"Inna, Hajiya 'yarki ce?" in ji likitan.

"Haka suke cewa."

Ya yi mata bayani dalla-dalla, ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba: abin da aka yi a Misira da sunan gwiwa, dalilin ramar, da yadda fura da kunu suka mayar da abin da wuƙa ta cire. Inna tana kallon ƙasa. Aina'u tana kallon hannuwan uwarta, waɗanda suka yi shekaru suna kirɓa gero dominta, ta ga sun kama bakin mayafi sun matse.

Da ya gama, tsohuwar ta ɗago kai. Sannan ta ce, "Ita wadda za ta yanka yarinyar mutane, idan ta yanka za ta tsaya ta ga ta tashi?"

"Za ta tsaya. Idan Hajiya ta dawo kuma ina nan."

"To," in ji Inna. Ta gyara mayafinta ta miƙe.

Aka yi aikin a Alƙahira bayan an gama girbi. Wannan karon Aina'u ta ga likitarta kafin aiki da bayansa, har ta gaji da tambayoyinta. Ta dawo da ƙa'idoji masu yawa: romo, ƙwai, wake da aka dafa ya yi laushi, komai da ƙaramin cokali, da ƙwayoyin ƙarin jini da za ta sha iya rayuwarta. Ta kuma daina cewa gwiwa. Duk wadda ta zo dubiya sai ta ji gaskiya, ta fita tana riƙe da haɓa.

Washegarin dawowarta da hantsi, ta fito tsakar gida tana dafa bango, ta dubi katanga. Babu komai a kai sai ƙadangare. Ita ta nemi hakan, ta sani, amma ya yi mata ciwo fiye da ɗinkin. Gobe ma haka, jibi ma haka. Daga can gefen ko ƙarar turmi ba a ji.

Ran nan da hantsi sai aka yi sallama a zaure da wata murya da ba a saba jin ta ta wannan ƙofar ba. Inna Huseina ce ta zagayo, hannu rabbana. Ta tsaya a tsakar gida ba ta san inda za ta ajiye hannuwanta ba. Ta dubi katangar ta ce tana son yaɓe kafin damina. Sannan ta zauna a bakin tabarma, nesa kaɗan da 'yarta, ta jawo faifan wake ta fara tsince tsakuwa. Ba su yi wata hira ba. Da aka kira azahar ta tashi ta tafi, washegari kuma ta dawo.

Damina ta kusa faɗuwa ranar da Aina'u ta ture farar kujerar gefe ta tayar da salla a tsaye. Inna tana bakin ƙofa da faifanta, ta yi kamar ba ta gani ba. Aina'u ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, har goshinta ya taɓa darduma. Ta daɗe a wurin. Sauran raka'o'in a ƙasa ta ƙarasa su, domin tashin ya gagara.

Da ta sallame ta yunƙura, ƙafa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa. Sai ta ji an kama damtsenta da busasshen hannu mai ƙarfi. Tsohuwar ta ja, saura kaɗan su zube su biyun a kan kujerar.

"Yi a hankali mana," in ji Inna Huseina, tana kallon bango. Ba ta kira sunanta ba, amma ko da Aina'u ta miƙe tsaye, ba ta saki hannun ba.