Takardar Mika'ilu Mai Sa Hannun Gaskiya

Ni faci nake yi a Dei-Dei, bakin filin da masu motocin kayan gaggawa suke jiran aiki, shi ya sa na san Mika'ilu kamar yadda na san gudumata. Mutumin Jiwa ne, manomi ɗan manomi. A shekarun da Abuja ta shiga haɗiye ƙauyukan gefenta, ko'ina ka waiga gini ne ke tashi, gonarsa ta tafi. Abin da ya samu ya haɗa ya sayi farar bas ta hannu, ya cire kujerun baya, ya ce shi ma ya shigo gari. Na ce masa Allah ya sa alheri, amma a raina tausayinsa na ji.

Ga yadda aikin yake. Motarka ce, manka ne, gyaranka ne, amma aikin na kamfani ne. Ofishin kamfanin wani ɗan ɗaki ne a Gudu, a ciki akwai Lukmanu mai raba aiki, da wayoyi uku a gabansa da allon sunayen direbobi a bango. Idan ya kira ka, ko loma ce a hannunka sai ka ajiye. Zai ce maka ga lodin dawowa yana jiranka a Kaduna, ka je ka tarar babu ko tsinke, ka ƙona manka ka dawo fayau. In ka yi magana ya ce kwastoma ne ya fasa. Dokarsu kuwa ɗaya ce: ka ƙi kira sau biyu a jere, a goge sunanka daga allo. Ga Mika'ilu wannan allon shi ne tukunyar gidansa, domin motarsa ba ta wani aikin ba ce.

Kowane kaya da takardarsa, kuma sai wanda aka rubuta sunansa ya sa hannu ya karɓa. Direbobin filin nan duk sun san dabarar. In ba ka tarar da mai kaya ba, ka jibge wa maigadi, ka koma mota ka ɗauki biro da hannun hagu ka yi wani ƙadangare a takardar, shi ke nan. Sun sha koya wa Mika'ilu, har dariya suke masa suna kiransa Liman. Shi dai ya ce kayan mutane amana ne, kuma bai iya sa hannun wani ba. Shekara huɗu yana haka, ko allura ba ta taɓa ɓata a motarsa ba, amma ban taɓa jin wanda ya ce masa sannu ba.

Wata Juma'a da hantsi Lukmanu ya ba shi kwali ashirin na littattafan taro, daga maɗaba'a zuwa wata hukuma a tsakiyar gari. Ya ce gaggawa ce, taron gobe ne, kuma Malam Musaddiq ne zai karɓa, babban ma'aikaci a wurin. Mika'ilu ya isa sha biyu da rabi. Maigadi ya ce oga ya tafi masallaci. To, wa bai san Juma'ar ma'aikatan Abuja ba? Daga masallaci sai hanyar Kaduna, sai kuma Litinin. Mika'ilu ne kaɗai ya yarda mutumin zai dawo. Ya yi sallarsa a kusa, ya dawo ya zauna a inuwar katanga. Maigadin ya ce ya sauke a ɗakinsa, amma shi ba zai sa hannu ba, ba aikinsa ba ne. Mika'ilu ya leƙa ɗakin ya ga rufin yana yoyo, ga hadari ya haɗo, ya ce a'a.

Ƙarfe biyu Lukmanu ya kira, wai akwai lodi zuwa Suleja. Mika'ilu ya ce motarsa cike take, mai kaya bai zo ba. Ƙarfe huɗu ya sake kira.

"Oga Mika'ilu, kai fa kana ɓata mini time. Ka yi sign ka taho mana."

"Sunana aka rubuta a takardar, Lukmanu?"

"To na kira ka sau biyu ke nan, ka sani."

Nan abin ya fi ƙona mini rai. Mutumin da ya ɗora maka kayan, ya san suna cikin motarka, shi ne kuma yake lissafa maka ƙin kira. Ina zai zuba lodin Suleja, a kansa?

Haka ya koma Jiwa da kwalayen, ya lulluɓe su da tamfol. Asabar ya sake ƙona mai ya je, saboda an ce taron ranar ne, ya tarar da ƙofa a garƙame. Litinin wajen sha ɗaya Malam Musaddiq ya iso, yana ƙamshin turare, waya a kunne. Ya karɓi biro ya ja layi ko kallon takardar bai yi ba. Da Mika'ilu ya ba shi haƙurin an makara, sai ya ce ai tun makon jiya aka ɗage taron, a zuba su can bayan matakala.

Daga nan Mika'ilu ya wuce Gudu da takardarsa a ninke cikin aljihun gaba. Ya miƙa wa Lukmanu da hannu biyu, ya ce ga sa hannun mai kaya na ainihi. Lukmanu bai buɗe ba, ya cusa ta cikin durowa tare da sauran. Mika'ilu ya ɗaga kai ya dubi allo, ya ga wurin sunansa an goge, har an rubuta wani.

"Ba ni ba ne, rule ne," in ji Lukmanu. "Da ka yi yadda kowa yake yi, da babu wahala."

Da ya dawo filin yana ba ni labari, ni ne nake ta zage-zage, shi kuwa sai tambayata ya yi ko tayoyinsa za su ɗauki nauyi. Yanzu siminti yake ɗauka a kasuwar kayan gini, buhu talatin a motar da ta saba da kwali. Bayanta har ya fara zama a ƙasa. Na duba ƙarƙashinta jiya, ban ga alamar za ta kai damina biyu ba.